Aikin sabobinmu na Katsina, inda aka kwana

9 Nuwamba 2024

Mun yanke shawara, za mu dawo da yawancin shafukan intanet na kwastomominmu gida Katsina, kan sabobin da za mu saya da kuɗinmu mu riƙe da hannunmu, wato manyan kwamfutocin da shafuka ke zaune a kansu. Zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya lokaci zuwa lokaci.

Dalilin farko dala ce. Shekarun nan duk hayar saba muke yi a Jamus mu yayyanka ta mu sayar ma mutane, makarantun kuɗi, masu kemis, ƙananan asibitoci, ƙungiyoyi, da 'yan jarida masu shafin labarai. Lokacin da dala take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati lissafi yana fita. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 abu ya rikice, zuwa Nuwambar 2024 ta haura 1,600, mu muna biyan kuɗin waje duk wata su kuma kwastomomi naira suke biya sau ɗaya a shekara, kuma in ka je ma mai makaranta a Sabuwar Unguwa ka ce kuɗin shafinshi ya ninka uku sai ya ce maka Malam ai gara in koma Facebook kawai. Kuma gaskiyarshi ce, shi ma kuɗin makaranta bai ninka uku ba.

Na biyu abin da ya faru ran 14 ga Maris na bana, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen gaɓar Kwaddibuwa. Mai asibiti yana Ƙofar Ƙaura, marasa lafiyarshi suna zaune gabanshi, amma fayil ɗinsu yana Turai ya ƙi buɗewa. Abin ya tsaya mani a rai har yanzu.

Sai maganar wata tsohuwar saba da ke ofis mai ESXi, manhajar kamfanin VMware da ke raba saba ɗaya ta zama kwamfutoci da yawa, waɗanda ake ce ma VM. Tun da Broadcom ta kammala sayen VMware a Nuwambar 2023 aka daina sayar da lasisin dindindin aka koma na biya duk shekara, wanga tsari ba na masu ƙaramin ƙarfi irinmu ba ne. Proxmox za mu koma, wata manhaja mai irin wanga aiki. Kyauta ne in ba ka son tallafinsu na kuɗi, kan Debian aka gina shi, yana da KVM na cikakkiyar VM da LXC na kwantena, wadda ta fi VM sauƙin nauyi, duk a allo ɗaya.

23 Nuwamba

Kaya sun iso daga Legas ta Kano. Dell R730 guda uku, na hannu, kowace da CPU biyu da RAM 128GB. Kafin mu cika kuɗi sai da muka sa mai kayan ya buɗe mana iDRAC, allon Dell na lura da lafiyar saba, muka karanta tarihin kowace, ko ta taɓa ƙorafin RAM, ko fanka ta taɓa tsayawa. Faifan SSD kam ɗaya bayan ɗaya muka duba SMART ɗinsu, wato rahoton lafiyar faifai, awa nawa suka yi suna aiki, kashi nawa na rayuwarsu ya rage. Biyu muka mayar. Duk mai sayen saba ta hannu dan Allah kar fenti da sitika su ruɗe shi, a cikin faifai ake ɓoye tsufa.

Mun maida katin H730 da faifan ke jone da shi zuwa yanayin HBA, inda yake miƙa su kai tsaye, saboda ZFS, tsarin da zai riƙe mana fayil a faifai, yana son ya ga faifan da idonshi ba ta bayan katin ba. Proxmox ya hau lafiya kan dukkansu, mun haɗa su kilasta, wato rukuni ɗaya, duk ukun suna ganin juna.

Da yamma wani Alhaji mai kemis cikin tsofaffin kwastomominmu ya leƙo ya ga rak ɗin, ya ce to yanzu wacce ce tawa a ciki? Na ce mai ranka ya daɗe kamar gidan haya ne, gini ɗaya, kowa da ɗakinshi da makullinshi, amma famfo da mita ɗaya ake sha, aikinmu shi ne kar wani ya shanye ruwan kafin ka farka. Ya ce to in ginin ya rushe fa? Na ce shi ya sa muka sayi uku. Tambayarshi ita ce aikin gaba ɗaya, wallahi.

14 Disamba

Sati ukun nan babu abin da muka taɓa a manhaja, wuta kawai. Bayan duhun da Arewa ta shiga a watan Oktoba, sama da mako ɗaya babu wuta saboda lalata manyan layukan da ke kawo ta, ba wanda zai gina irin wanga aiki a kan wutar gari ita kaɗai.

Ga lissafin yadda mita ta nuna mana. Sabobin uku da suwich da rauta suna jan wajen wat 750 in aiki yana tafiya daidai, wato kilowat-awa 18 a kwana ɗaya, ba a ma sa AC ba. AC ɗin ɗakin shi kaɗai in rana ta take yana iya cin fiye da abin da sabobin suka ci. Wutar Band A kuma tun Afrilu ta haura naira 200 kowane yunit. To mun sa batirin lithium huɗu masu 5kWh kowane, inbata biyu da ke aiki tare, sola a saman kwano, janareta mai shan gas yana gefe shi ne na ƙarshe in komai ya ƙi. Kowace saba tana da wajen shigar wuta biyu, sai muka raba, ɗaya ta UPS ɗaya kai tsaye daga inbata, ko ɗaya ta faɗi ba za ta ji ba.

Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci shi ne koya ma sabobin su kashe kansu cikin mutunci in batir ya kusa ƙarewa. Wata manhaja NUT muka sa, tana sauraron UPS, in ta ce saura kaɗan sai VM su fara sauka bi da bi, na shafuka da farko, na rumbun bayanai daga baya, sannan sabar kanta. Rumbun bayanai da wuta ta yanke mai yana tsakiyar rubutu shi ne ke hana mutum barci. Mun gwada da rana tsaka, muka zare fulogi da gangan muna tsaye muna kallo har ta ƙarshe ta yi shiru, muka mayar kuma kowa ya tashi a jere.

Kuɗin wuta ya fi kuɗin sabobin. Duk wanda ya tambaye ni nawa ake buƙata a fara hostin a Katsina daga nan nake fara mai.

4 Janairu 2025

Muhawara ta yi zafi tsakanina da abokin aikina kan Ceph, kuma tana da daraja a rubuta ta don duk mai saba uku sai ya zo wanga mahaɗa.

Shi Ceph yake so, kuma hujjarshi mai ƙarfi ce. Ceph yana haɗa faifan duk sabobin su zama rumbu ɗaya, kowane bayani ana rubuta shi sau uku a wuri uku kafin a ce ma VM an rubuta, in saba ɗaya ta mutu VM ɗinta suna tashi a wata babu ko harafi da ya ɓace. Manyan kamfanonin hostin da shi suke aiki. Mun ɗora shi na gwaji, kuma yana aiki.

Ni abin da na gani shi ne kuɗin da yake ci a ɓoye. Kwafi uku yana nufin in ka zuba tera 12 tera 4 kake da ita, kuma ita ma ba za ka cika ta ba don yana fara kuka tun a kashi 85. Yana son layin 10G nashi na kanshi, yana son SSD na kamfani masu riƙe rubutu in wuta ta yanke, in ka ba shi irin na laftof sai ya riƙa jan ƙafa. Kowane faifai yana cin wajen 4GB na RAM, RAM ɗin da za mu sayar. Sannan babbar maganar, a saba uku in ɗaya ta faɗi babu ta huɗu da zai sake gina kwafi na ukun a kanta, haka za ka zauna da biyu kana addu'a har kayan gyara su zo daga Legas. Kuma ranar da Ceph ya rikice ƙarfe biyun dare mu biyu ne kawai a garin nan da za mu tashi mai, ba wani da za mu kira.

Na ce mai ɗan'uwa mu ɗauki abin da za mu iya gyarawa ido rufe. Mun tsaya kan ZFS a kowace saba, faifai bibbiyu suna kwafar juna, sannan Proxmox yana tura canje-canjen kowace VM zuwa saba ta biyu. Ga masu rumbun bayanai duk minti 2, ga shafuka na yau da kullum duk minti 15. Illarshi a fili take, in saba ta mutu kwatsam abin da aka rubuta tun turawar ƙarshe ya tafi. Za mu rubuta wannan cikin takardar yarjejeniya da Hausa da Turanci, kowa ya sani kafin ya sa hannu. In Allah ya hore mana saba biyar mu sake zama kan Ceph, ni ma ina sonshi.

18 Janairu

Hazo ya sauko sosai. Mun buɗe saba ɗaya don ƙara RAM sai ga jar ƙura ta kwanta kan fankoki kamar an barbaɗa, wata biyu kacal. Mun toshe tagar ɗakin gaba ɗaya, mun sa roba ƙarƙashin ƙofa, da soso mai tace iska a gaban rak, ba a shiga da takalmi. Yaron da ke mana IT daga Poly shi aka ba aikin wanke soson duk Asabar. Busasshiyar iskar hunturu kuma tana tara lantarki a jiki, don haka ba mai taɓa RAM sai ya ɗaura abin hannu.

8 Fabrairu

An fara kwaso kaya. Na tsohuwar sabar ofis ba su ba da wahala ba, tun sigar 8.2 Proxmox yana da hanyar jawo VM kai tsaye daga ESXi. Masu Windows ne kawai sai ka sa masu direbobin VirtIO tukuna, ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta gane faifan VM, in ba haka ba su tashi ba su ga faifai ba. Masu Linux kuma sunan katin netwok yana canzawa sai an gyara da hannu.

Na Jamus da manhajar kwafe fayil ta rsync muke jawo su cikin dare lokacin da layi ya yi sauƙi. Kwana biyu kafin a juya kowane shafi muna rage TTL na DNS ɗinshi, wato tsawon lokacin da intanet ke riƙe tsohon adireshinshi, zuwa minti 5, ranar juyawa a sake jawo abin da ya canza, a kwafo rumbun bayanai, a juya adireshi, a bar tsohon yana nan sati guda ko da wani abu. Ƙananan shafukan WordPress mun tara su a kwantenonin LXC don ba su cin RAM kamar cikakkiyar VM, allon kula da shafi kuma HestiaCP muka sa maimakon cPanel da tun 2019 ya koma karɓar kuɗi kan yawan akawun. Wanda ke son nashi VPS kuma, wato VM tashi shi kaɗai, KVM muke ba shi, katangarshi ta fi kauri.

Adireshin IPv4, lambar da ake samun na'ura da ita a intanet, ya yi ƙaranci a duniya, ɗan yanki muka samu wurin masu ba mu faiba, biyar ne masu amfani a ciki. Don haka duk shafukan ta ƙofa ɗaya suke shigowa, HAProxy yana duba sunan da aka nema ya miƙa ma mai shi. Satifiket ɗin tsaron shafi na Let's Encrypt ne, kwana 90 yake yi yana sabunta kanshi.

Imel dai mun bar shi a waje. Sabon adireshi ba shi da suna, kuma tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara kan SPF da DKIM da DMARC, hanyoyin tantance mai aiko imel, ba zan so takardar sakamakon ɗalibi ta faɗa kwandon shara saboda muna son a ce komai a Katsina yake ba.

Wani abu da traceroute, mai nuna hanyar da saƙo ya bi, ya nuna mana, in ka buɗe shafi da waya daga Ƙofar Marusa, a wasu layukan sai saƙon ya je Legas ya dawo kafin ya iso ofishinmu da ke nan cikin gari. Duk da haka ya fi zuwa Turai sauri nesa ba kusa ba. Maganin wannan sai kamfanonin layi sun riƙa musayar zirga-zirga a Arewa, abin da IXPN, cibiyar musayar intanet ta Najeriya, ke yi kenan, ya fi ƙarfinmu mu kaɗai.

15 Maris

Azumi ya sa aiki ya koma bayan tarawi zuwa sahur, kuma ya yi daidai don lokacin ne kwastomomi ba su kan layi.

Bakof, wato kwafin ajiya na ko-ta-kwana, ya tafi Daura. Duk kwafe-kwafen da na lissafa a baya a ɗaki ɗaya suke, gobara ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya isa, kuma in wani ya goge fayil bisa kuskure ko ƙwayar cuta mai kulle fayil ta shiga, cikin minti 15 ɓarnar ta kwafu zuwa saba ta biyu. To mun sami ɗaki a shagon wani amininmu a Daura mai sola da intanet mai kyau, muka kai ƙaramar saba mai manyan faifai muka sa mata Proxmox Backup Server. Akwai irinta a Katsina da ke ɗaukar bakof kowane dare, ta Daura ita ke zuwa ta jawo, ta Katsina ba ta da ikon taɓa abin da ke can. Ko an ci mu da yaƙi a nan ba a goge na can.

Wani ya ce me zai hana ta Daura ta shiga kilasta gaba ɗaya. Ba ya yiwuwa, Corosync da ke riƙe kilasta ba ya jure jinkiri, 'yan milisakan kaɗan yake so, tsakaninmu da Daura kuwa wajen kilomita 80 ne kan layin da ba namu ba.

Kwafin farko a mota ya je. Mun cika sabar a ofis sannan aka ɗauke ta, in da ta layi ne sai bayan Sallah ba a gama ba. Daga nan abin da ya canza kawai ke tafiya, don yana yanka bayanai gutsi-gutsi, gutsuren da ya riga ya gani ba ya sake ajiye shi, VM ashirin masu Ubuntu iri ɗaya kusan wurin guda suke ci. Komai a kulle yake barin Katsina, amininmu ko ya buɗe ba abin da zai karanta. Makullin mun buga shi a takarda, kwafi biyu, gida biyu daban. Muna riƙe na kwana 7, na sati 4, na wata 6.

Daren jiya muka yi abin da na fi damuwa da shi, muka ɗauki manhajar wata makaranta daga Daura muka tayar da ita a sabuwar VM kamar ta asali ta ƙone, muka kira malamin da ke kula da ita ya shiga ya duba sakamakon zangon da ya wuce. Ya ce komai na nan, har hotunan ɗalibai. Mun sa a kalanda, duk farkon wata za a zaɓi kwastoma ɗaya a yi mai haka. Tun da dokar kare bayanai ta 2023 ta fito wannan ya zama nauyi na shari'a ma, amma ko babu doka amanar mutane ce, fayil ɗin mara lafiya da sakamakon ɗan wani.

12 Afrilu

Bazara. Waje ya haura digiri 40, AC ɗaya ya kasa, fankokin sabobin suna ihu tun daga bakin ƙofa kana ji, kuma duk ƙarin gudun fanka ƙarin wuta ne. Mun sa AC na biyu suna karɓeɓeniya, mun yi silin mai kauri, mun toshe guraben rak da babu komai don iska mai zafi ta daina zagayowa gaba. Batiran ma mun fitar da su zuwa ɗakin gefe. Akwai ɗan na'urar auna zafi da ke turo saƙo Telegram in ɗakin ya wuce 28.

10 Mayu

Mun buɗe ma'ajiyar kilawud, wurin ajiye fayil ta intanet, da manhajar Nextcloud. Ban zaci masu hoto da bidiyon biki ne za su fi kowa rububinta ba, na ɗauka ofisoshi ne. Wani mai sutudiyo ya zo da jakar leda cike da faifan ajiya na waje (hard disk), wasu an naɗe da salatif, an rubuta sunan amarya da maka a jikin kowane, aikin shekaru. Ya ce Oga biyu sun riga sun mutu, kuma har yau iyalan suna kirana. Nan ofis muka jona su muka kwashe ta kebul, ɗaya yana ƙara ƙyat-ƙyat sai da muka bi shi a hankali da ddrescue, manhajar ceto bayanai daga lalataccen faifai, mafi yawa ya fito. Yanzu daga sutudiyo abin da ya ɗauka sabo kawai yake turawa, ya aika ma masu biki mahaɗi su sauke da kansu.

Wannan kaya ba a kan SSD yake ba, manyan faifai masu juyawa ne a RAIDZ2, ko biyu sun mutu lokaci guda ba a rasa komai. Kowa da iyakarshi, kuma ba mu sayar da abin da ake kira mara iyaka, babu faifai mara iyaka. Haka RAM, abin da muke da shi muke sayarwa, har muna barin sarari yadda in saba ɗaya ta faɗi biyun za su ɗauke kayanta. CPU ne kawai muke rabawa fiye da adadi don yawancin shafuka barci suke yi. Mun kuma sa ma kowace VM iyakar rubutu a faifai, bayan wani shafin labarai ya taso da wani fulogin da ya riƙa jan kowa baya.

Farashi da naira, kuma mun yarda a biya wata-wata ko zango-zango ga makarantu, lokacin da kuɗi ke shigo masu.

14 Yuni

Ruwan farko mai ƙarfi ya zo da tsawa cikin dare, da asuba faiba ta yanke wani wuri a hanya. Rauta ta juya kan Starlink da muka ajiye na ko-ta-kwana, mu muna iya shiga mu duba komai, amma shafuka ba su dawo duka ba don adireshinmu na layin faiba ne. Masu bi ta ramin WireGuard, ɓoyayyar hanya ta cikin intanet, da muka haƙa zuwa wata ƙaramar VPS a Legas su kam sun ci gaba da aiki, asibitocin nan ne da makarantu biyu. Sauran sai da aka ɗinke layin wajen azahar. Mun kira kowa tun da safe mun faɗa mai abin da ake ciki kafin shi ya kira mu, kuma za mu rage masu kuɗin ranar.

Abin da ke gabanmu yanzu, a maida duk shafukan bayan wanga rami kafin damina ta yi nisa, a nemo faiba ta biyu daga wani kamfani da wayarshi ba ta bin titi ɗaya da ta farko, a ƙara sandar atin da abin tare tsawa a layin sola. Maganar neman adireshinmu na kanmu wurin AFRINIC, hukumar raba adireshin intanet a Afirka, tana nan amma kuɗinta da sharuɗɗanta sai baɗi. Shafuka goma sha ɗaya suka rage a Jamus, masu su sun ce a bari sai an gama jarabawa, hayar can kuma tana ƙarewa ƙarshen Yuli. Ran Asabar mai zuwa za mu kashe saba ta biyu da gangan ƙarfe ɗayan dare mu ga minti nawa VM ɗinta za su ɗauka su tashi a sauran, an riga an tura ma kwastomomi sanarwa.